Yatsan Hamdiya

Malaman wata lakwal, wato makaranta, a Dakoro suna son tura ɗalibansu koyon kiwo, amma a cikinsu babu wanda ya taɓa buɗe bakin rago. Sai aka kai su horo wajen Malam Bubakar, likitan dabbobi. Duk wanda ya faɗi gwaji, ajinsa ba zai je ba.

Mushe Zakiru, ɗaya daga cikin malaman, ya ɗaga leɓen ragon gwajin na sama. "Wannan tsoho ne, haƙoran gaba duk sun zube."

"Mushe, haka Allah ya yi rago, ba shi da su a sama," in ji Bubakar yana dariya. "Duba ƙasa. Shekararsa nawa? Dama ɗaya ta rage maka."

Hamdiya, ɗalibar Mushe da ta kawo ragon daga gidansu, ta ɗaga yatsa ɗaya.

Mushe ya saci kallonta, ya gyara murya. "Shekara ɗaya."

"Ka ci."

Da suka fito, Mushe ya ce mata a hankali, "Na gode da amsar, ɗiyata."

"Wace amsa, Mushe? Izinin zuwa shan ruwa nake nema."

A ranar Hamdiya ta gane malamai ma suna satar amsa.