Tirelar Kabo a Gangaren Hada

"Yaya Kabo, ga mu a bakin gangare. Na shafa giris, na duba iskar taya, na ɗaure sarƙa a gicciye yadda ka koya mini. Saura na Allah."

Haka Salihu ya faɗa a ransa, sannan ya jefa tsohuwar jif ɗin a giya ta ɗaya, ya fara sauka daga Ɗa'ifa.

Tirelar ta yayansa ce. 'Yar ƙarama mai taya biyu, Kabo ya haɗa ta da hannunsa daga ƙarafan wata matacciyar mota a unguwar Mansur ta Makka. Da ita suke jan haima, wato tanti, da tukwane duk sa'ad da zafin Makka ya kora mutane shan iska kan dutsen Ɗa'ifa. Sabuwar hanyar Hada kuwa, wadda aka buɗe bara, nannaɗe take kamar maciji, rami na hamma a gefenta. Haɗari ɗaya ya isa. Askarawa za su zo su kwance kaya, su tambayi iƙama, takardar izinin zama, alhali Kabo da matarsa ba su da ita.

Matar, Ɗaso, tana zaune a baya da tsohon cikinta. Kusa da Salihu kuma ga Mukhtaru ɗan ƙanwar babansu, haifaffen unguwar Misfala a nan Makka, wanda bai taɓa jan ko amalanke ba amma ya fi kowa sanin tuƙi da baki.

"Yalla ya shehu, taka mana! Wallahi jakin mai ruwa ya fi ka sauri."

Salihu ya dubi madubi. Tirelar na biye da shi tiryan-tiryan, ba ta karkata ba.

Kabo ya sha faɗa masa: tirela ba ta da birki, hankalin direba ne birkinta. In ta fara kaɗa gindi, ɗaga ƙafarka a hankali, kada ka danne birki. Kaya mai nauyi kuma a kan tayoyi ake kwantar da shi, a ɗan matso da shi gaba. Da hantsi Salihu ya yi lodin shi kaɗai, ya hana kowa sa masa hannu.

Motoci suka taru a bayansu suna ta hon. Wani mai doguwar mota ya wuce da gudu, ya zuro kai ya zazzaga ashar da Larabci. Salihu ya bi shi da kallon raini. Ku yi ta gudu, 'yan gaggawa. Kowa da inda ake jiransa.

"Da yayanka ne da tuni mun yi wanka a gida," in ji Ɗaso. "Shi ma dai! Mutum ya bi motar kayan lambu tun asuba, ko sallama babu, sai a bakinka na ji. Kullum zancensa ke nan, wai shi ya tako daga Kano da ƙafarsa don ƙasar Makka, ba don sanyin dutse ba. Ga shi kuma ya bar mu da kai, ango mai tafiyar hawainiya."

"Haka ya ce a yi," in ji Salihu.

A tsakiyar gangaren ya tsaya a wani ɗan fili. Ya fita, ya ɗora tafin hannu a cibiyar kowace taya, ya ji ɗumi ne kawai, ba zafi ba. Ya girgiza ƙugiyar da ta haɗa tirelar da jif, ya ƙara ɗaure igiyar tamfol. Ruwa na ɗiga daga ƙasan tirelar, yana bushewa kafin ya gama jiƙa kwalta.

Mukhtaru ya leƙo. "Ƙanƙara har bulo-bulo saboda kwandon inabi? Kai dai miskini ne. Ba ni mabuɗin in nuna maka aiki."

"Koma ka zauna."

Yadda ya faɗe ta, sai Mukhtaru ya koma.

Da suka sauko fili sai zafi ya rufe su kamar murfin tukunya. Hanya ta miƙe sambal. Nan ne ƙafar Salihu ta ci amanarsa. Ya tuna ƙanƙarar da ke narkewa, ya taka. Tirelar ta kaɗa hagu, ta kaɗa dama, ta fara jan jif ɗin kamar za ta juye da shi. Ɗaso ta dafe ciki tana salati. Salihu ya ƙanƙame sitiyari, ya ɗaga ƙafa sannu-sannu, har ta daidaita.

"Yi haƙuri," ya ce, idonsa a kan madubi.

"Ba komai," in ji Ɗaso. Ta sunkuya ɗaukar gyalenta da ya zame, sai ta ɗago da takalmi. "Ji mini mutum! Har takalminsa ya manta. Da me ya tafi?"

Mukhtaru ya ƙyalƙyale da dariya. Salihu ya ci gaba da tafiyarsa ta hawainiya.

Ana shirin kiran la'asar suka shiga lungun Misfala. Ɗaso ta sauka da takalmin a hannu, ta shige gida tana cewa, "Ina maigidan? Fito ka ga tuƙin ƙaninka!" Mukhtaru ya bi ta yana neman ruwan sanyi.

Salihu ya zaga baya. Ya kwance igiya ɗaya, ya ɗaga gefen tamfol. Kayan na nan yadda ya kwantar da shi, daidai kan tayoyi, an ɗan matso da shi gaba, naɗe cikin farar haima tsakanin ragowar ƙanƙara.

"Mun iso, Yaya," ya ce a hankali. "Ga ƙasar Makka, za a yi maka salla a Harami. Ni dai har yanzu ban faɗa wa kowa ka cika ba."