Haƙoran da Suka Cinye a Hanyar Kalgo

Shekarata bakwai ranar da aka tashi kai ni makaranta. Goggona da ke Kalgo ta yi wa wani malamin firamare magana, ya ce a kawo ni kafin magariba, don da safe zai miƙa sunaye. Bayan azahar Baba ya ɗora ni kan tankin babur, muka bar Gwandu.

Kafin mu kai Kambaza sarƙar babur ɗin ta zube sau biyu. A na uku Baba ya tsaya gindin wata tsamiya ya durƙusa. Sarƙar sabuwa ce, amma faifan ƙarfen da take hawa bai canza shi ba, juya shi kawai ya yi, yadda kowa ke yi. Ya kama yatsana ya aza kan haƙoran faifan. Sun yi tsini kamar ƙayar aduwa.

"Kin ji, ɗiyata? Sun cinye. Babu abin da za ta riƙe."

"To makarantar fa, Baba?"

"Gobe, in Allah ya so."

Ya turo babur muka juya gida. Baƙin man ya yi kwana uku a yatsana. Satin nan aka shiga yankan gero, ba a ƙara maganar Kalgo ba.

Sai da nake goye da ɗana na uku na fara rubuta sunana, a ajin yaƙi da jahilci. Yanzu shi ke kai ƙannensa makaranta a babur. In na ji sarƙarsa tana ƙara a ƙofar gida, nakan fita in taɓa haƙoran da yatsa. Dariya yake mini. Ban taɓa gaya masa dalili ba.