Maɗigar Ƙanina

A tsakiyar bazara ne, a gidanmu na unguwar Limanti, bayan azahar. Ƙanina jariri ya wuni yana kuka, sai kawai ya yi shiru. Inna ta ce, "Alhamdu lillahi, barci ya ɗauke shi."

Kaka kuwa zumbur ta miƙe. Ta taɓa maɗigarsa, na ga wurin ya lotsa. Ta ce, "Wane barci? Zafi ne ya shanye shi. Ba shi nono, ko da matsawa ne."

Ta tsoma zanenta a randa ta naɗe shi. Har yau ina jin ƙamshin zanen nan, laka da sabulu. Da ya bushe sai ta koma ta jiƙo, tana faɗa: "Da can tsakar gidan nan duk inuwar bishiyar maina ce. Jama'a ta yi yawa, aka sare aka kafa kwano, ga shi muna dahuwa."

Yanzu ni ma ina goyo. In 'yata ta yi barcin rana ba na iya zama, sai na tashe ta. Babanta yana cewa ina takura mata.

Ranar dai sai wajen la'asar ƙanina ya callara kuka. Lokacin Kaka ta zauna ta duba ƙafarta. Ashe ba takalmi take ta kai-kawo a rairayi, tafin duk ya yi bororo.