Layin Gawayi

Umma sabulun soda take haɗawa a gidanmu na Unguwar Dosa. Wata la'asar da za ta jiƙa sodar, sai ta ja layi da gawayi a tsakar gida, ta zaunar da ni a bayansa.

"Ruwan nan cin fata yake yi. Kada ƙafarka ta tsallake layin nan."

Yayyena duk suna Islamiyya. Tururin sodar yana yi mini yaji a hanci, na miƙa mata hannu ina kuka. Ta nuna mini hannuwanta ɗaure cikin leda, ta ƙi ɗaukata.

Umma ta daɗe da rasuwa, tsakar gidan ma an yi masa siminti. Amma har yau, in na zo daidai wurin, sai na tsaya.