Gashi a Ɗakin Amarya

"Wai ba ta taje karen nan ne, ko so take atishawa ta kashe ni?"

Yayar mijinta ce ke tambayarsa a falo, murya a shaƙe. Amarya na baranda da kwikwiyon a gabanta, ta ji, ba ta ɗago ba.

Tajewa kam tana yi, kullum da safe. Maigidan ne ya kawo shi don gadi, ya sakar mata wahalarsa. Da zafi ya shigo, sai lallausan gashin nan na ƙasa ya dinga zuba kamar auduga. Takan ɗaga na saman da hannu, ta bi na ƙasan da matajin ƙarfe a hankali, daga wuya har wutsiya, ta dunƙule abin da ya fito ta cusa a leda. Ko sili ɗaya ba ta bari iska ta ɗauka.

Tun da Yaya ta dawo gidan da zama, ɗakin amarya ya zama nata. Ba sallama take faɗowa, ta buɗe akwati, ta fesa turare, ta yafa gyalen da ya yi mata, ta zauna bakin gado tana zayyano aibun mai ɗakin. Amarya ba ta iya musu ba, kai kawai take sunkuyarwa. Da ta yi wa mijin ƙorafi, cewa ya yi ai babba ce.

Yanzu kuwa Yaya ko labulen ta ɗaga sai atishawa, ido ya yi jawur, hanci ya toshe. Ta kira amarya ƙazama a gaban baƙi, ta ce a zaɓa, ko ita ko karen. Maigidan ya ce mai gadi ba inda za shi, sannan ya fito ya sauke fushinsa a baranda.

"Har cikin ɗakinki gashi? Ke wace irin mace ce?"

"Ka yi haƙuri, zan ƙara kula."

Yaya ta rantse ƙafarta ba za ta sake taka ɗakin ƙazama ba, kuma ta cika rantsuwarta.

Ranar da matajin ya fito fes, amarya ta shafa bayan kwikwiyon, ta tabbata zubar ta ƙare. Ta shige ɗaki ta tura ƙofa, ta ƙudura a ranta ko mahaifiyarta ba za ta ji wannan ba. Sannan ta jawo ledojin daga ƙarƙashin gado, ta tsakuri kaɗan ta barbaɗa a labule kamar kullum, don in ta yi tattali za su kai ta zafin baɗi.