Ungozomar da Ta Je Sayen Famfo da Igiya

Tunda shawara ka zo nema kan abin da za ka saya, bari in ba ka labarin wata baiwar Allah, sai ka auna da kanka.

Ungozoma ce, ta fi shekara talatin tana karɓar haihuwa a wani gari na bakin fadama. Da gwiwa ta fara yi mata gardama sai ta ajiye aiki, ta koma lambun bayan gidanta. A gindin gwaiba ta sa aka gina mata ɗan tafki na siminti, zurfinsa iya ƙugu, ta zuba karfasa a ciki. Da guga ake cika shi daga rijiyar gida. Kifin nan shi ne miyarta, shi ne kuma abin da take aika wa masu jego. Ana nan sai wata bazara ta zo da zafi mai tsanani, ruwan ya kwanta, ya yi kore, ya fara wari. Ranar farko ta tsinci kifi biyu ciki sama, kashegari biyar. Ɗanta da ke birni ya ce rashin motsin ruwa ne, zai aiko mata da famfon sola, wanda ya fi kowanne girma a kasuwa. Ta sa masa albarka, ta ce ya dakata, ita za ta je ta zaɓo.

Ba ta tafi a ranar ba. Kwana uku ta yi tana rage tsohon ruwa tana ƙara sabo, sauran lokacin kuma tana zaune a bakin tafki tana kallo. A nan ta gane abin da ba wanda ya gaya mata. Da tsakar rana kifin lafiya lau suke yawo, amma in ta idar da sallar asuba ta leƙo, sai ta tarar duk sun taso sama, baki buɗe, suna haki. Ta kuma lura gwaiba ta tare rana a wajen, rufin kicin ne kaɗai ke shanta tun hantsi har la'asar. Sai ta ɗauki igiyar shanya, ta auna zurfin tafki ta ƙulla, ta auna daga tafki zuwa rufin ta sake ƙullawa. Ta cika kwalba da koren ruwan, ta hau mota zuwa kasuwa.

Mai shago ya tarbe ta da fara'a, ya jefa babban famfo cikin duro a ƙofar shago, ya juya farantin solarsa ga rana. Ruwa ya yi tsiri ya wuce tsayin mutum, masu wucewa suka tsaya kallo. Ita ma ta kalla, ta ce ma sha Allah, sannan ta tambaya, "In rana ta faɗi fa?"

"Sai ya huta, Hajiya, sai gobe."

"To ɗan nan, kifina da asuba suke shan wuya, rana ba ta fito ba. Kuma ruwan da ya tashi sama haka, iska ta kwashi rabi, rana ta shanye rabi. Rijiyata kuwa zurfinta gaba goma sha biyu ne a bazara."

Ta ɗora masa igiyar a kan tebur, ta ajiye kwalbar. Mutumin ya ɗaga kwalbar ya duba gansakukar da ke yawo a ciki, ya bi ƙullin igiyar da yatsa. Ya shiga can ƙuryar shago ya fito da wani ɗan ƙaramin famfo da bai fi tafin hannu ba, mai batir da ke tara wuta da rana ya yi aiki har wayewar gari. Ta sa ya warware wayarsa a jikin igiyarta, ta ga ta kai ƙulli na biyu har da saura. Ta sa ya nuna mata rariyar da ke tare datti, ta buɗe ta rufe sau uku da yatsunta masu ciwon sanyi, don ta tabbata za ta iya wanke ta ba sai ta kira kowa ba. Sannan ta ce a ɗaure mata.

Aka kafa farantin a rufin kicin, aka sa famfon a ruwa. Bai yi tsiri ba, ɗan gudu kawai yake yi, yana gangarowa ta kan duwatsu uku da ta jera. Maƙwabta da suka zo kallo suka koma ba su ga abin ba da labari ba. Amma da asuba ta fito da carbinta, ta ji ƙarar ruwa tun daga bakin ƙofa. Ta leƙa, ba bakin kifi ko ɗaya a sama. Kifi ɗaya ta ƙara rasawa, wanda dama ya jigata, rijiyar kuma ta kai ta har ruwan farko na damina.

Shi ya sa Hausawa suka ce, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.