Shaidar Mai Rini

Iska ta dawo da faifan roba na wasan jifa, manaja ya cafe abinsa, alhali shi ya jefa.

Ma'aikatan da ke wasa a filin bayan masaƙar Challawa suka tsaya suna kallonsa. Wasan hutun rana ne, babu alƙali, kowa shi ke faɗin gaskiya a kan kansa. Dokar kuwa kowa ya san ta: wanda ya jefa ba ya sake taɓawa sai wani ya taɓa.

"Ai ya gogi hannunka kafin ya dawo," in ji manaja, yana duban mai rini da shigowarsa fili ke nan daga bakin aiki. "Ko ba haka ba?"

Mai rini ya tuna takardar neman hutunsa, don sunan 'yarsa, tana kan teburin mutumin nan ba a sa hannu ba.

"Ranka ya daɗe, tunda kun gani, wane ni? Da hannu biyu ma na taɓa shi."

Manaja ya yi murmushi, ya ɗaga faifan sama, fari fat kamar yau aka ƙera shi.

Mai rini ma ya ɗaga hannayensa, wai miƙa yake yi. Shuni na ɗiga daga yatsunsa goma.